Jinin Lamba Ɗaya

Kwalbar ba ta kai ɗan ƙaramin yatsa tsawo ba, amma Lubabatu lallaɓa ta take yi kamar jariri. Wata huɗu ta yi tana jiran isowarta daga ƙasar waje cikin kula mai ƙanƙara. Ruwan da ke ciki sunansa antibodi, aikinsa kuma ɗaya ne tak: ya laluɓo wani sinadari a cikin jini da ake kira inzayim, ya maƙale masa. Shi wannan inzayim ɗin shi ke taimaka wa ƙwayoyin jiki su ƙona sukari. To, ƙwayoyin ciwon daji akwai haɗama, sai su yi ta tara shi. Inda ya yi yawa, ruwan gwaji sai ya rine ya koma shuɗi kamar an jefa bula.

Binciken digirinta ke nan: jinin masu ciwon dajin hanta arba'in, jinin masu lafiya arba'in, a jera a ga bambanci. Na marasa lafiya bai ba ta wuya ba. Na masu lafiyar ne ya kusa sa ta kuka. Farkon damina ta je Yako, garinsu, ta kafa tebur a gindin darbejiya tun hantsi har azahar, ba wanda ya naɗe hannun riga. Ana gaishe ta, ana sa mata albarka, ana wucewa. Wata tsohuwa ma ta tsaya ta ce mata, "Yarinya, jinin mutum guda a kwalba, wa ya san inda zai kwana?"

Ana idar da sallar azahar mahaifinta, Malam Gwadabe, ya fito daga masallaci da jama'a a bayansa. Shekara talatin yana karantar da manoman garin littattafai a zaurensa, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa Lubabatu, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, kuma tunda ta girma ba su taɓa zama sun yi doguwar hira ba. Ya zauna a kan benci ya miƙa hannu.

"Uwata, fara da ni."

Ta ɗauko takardar tambayoyi cike da murna. "Malam, akwai wani ciwo da ke damunka?"

Ya dubi mutanen da suka kewaye su. "Alhamdu lillahi."

Ta rubuta: lafiya lau. Kafin la'asar ta cika arba'in ɗinta har da masu jin haushin ba a kai kansu ba.

Dokar aikin ita ce ba a rubuta suna a jikin kwalbar jini, sai lamba, don kada mai bincike ya san na wane ne. Doka mai kyau. Amma wa za a ɓoye wa lamba ɗaya? Duk Yako ta ga hannun da aka fara tsira wa allura.

Sati biyu bayan haka antibodin ya iso. A wani ɗan ɗakin gwaji da aka ba ta aro kusa da Bagauda take aiki, tare da Barakatu, wadda ta shekara ashirin tana wannan sana'a kuma bakinta ba ya da birki. Suka ɗauko farantin roba mai ƙananan ramuka a jere, suka ɗiga na marasa lafiya a layukan sama, na masu lafiya a layukan ƙasa. Aka wanke, aka ɗiga antibodi, aka sake wankewa, aka zauna jira.

Layukan sama suka fara rinewa. Lubabatu ta dafe ƙirji ta ce, "Anti Barakatu, ya yi! Wallahi ya yi!" Layukan ƙasa kuwa fes kamar ruwan sha, yadda ake so. Sai dai rami guda, na farko daga hagu. Da fari ɗan duhu ne kawai. Suna kallo ya yi shuɗi, ya ƙara, har ya fi rabin na sama rinewa.

Barakatu ta ja tsaki. "Hannunki ya zame ne? Sake."

Suka sake washegari. Ramin nan dai.

Nan fa Lubabatu ta tuna cewa ranar Litinin sun tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin firji, batirin sola ya mutu tun Asabar. Ta kama wannan magana ƙam. Ai zafi ya taɓa antibodin, ya lalace, yana maƙalewa inda ya ga dama. Kuma ma wannan ba gwajin asibiti ba ne, bincike ne, abubuwa nawa ke ɗaga inzayim a jini? Duk gaskiya ne, ba ta yi ƙarya ba ko ɗaya.

Barakatu ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Wanda ya lalace ba ya zaɓar rami ɗaya ya bar talatin da tara. Na wane ne lamba ɗaya?"

"Ban sani ba. Ai doka ta hana."

"To, madalla da doka," in ji Barakatu. "Ni dai da na san mai shi, da yau na kai shi hoton ciki."

Lubabatu ta yi kamar ba ta ji ba. Ta aika a kawo sabuwar kwalba, aka ce sati shida. Kai, ɗan Adam! Macen da ta yi wata huɗu tana addu'ar abu ya iso lafiya, yanzu ita ce a kan sallaya tana roƙon Allah ya sa lalatacce ne. Aikin shekara biyu ya rushe, a sake daga farko, ta yarda. Tsoro ne ya riƙe ta, ba wani abu ba, amma ta sa masa riga ta kira shi taka-tsantsan. Ya za ta tayar da hankalin gida a kan rami guda?

Ba ta je Yako ba, ga shi tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Waya take yi wa mahaifiyarta, Inna Dije.

"Inna, ya jikin Malam?"

"Da sauƙi."

Ita Lubabatu gaisuwa ta yi, ba ta san an yi rashin lafiyar da za a ce da sauƙi ba. Ba ta tambaya ba, Inna kuma ba ta ƙara ba, sai dai ta ce, "Yaushe za ki leƙo?" Sati na gaba ma haka ta tambaya. Na gabansa ma haka.

Sabuwar kwalba ta iso da ƙanƙararta ba ta narke ba. Lubabatu ta ce ba za ta taɓa ba. Barakatu ta ɗiga da hannunta, ta hargitsa jerin, ta rubuta inda ta sa kowace lamba a takarda ta kife. Suka jira. A layi na uku, can tsakiya, rami guda ya fara duhu.

Barakatu ta buɗe takardar ta duba. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba ta ninke takardar, ta ɗauko mayafin Lubabatu daga ƙusa ta miƙa mata.

Ƙaramar bas ta kai ta Kiru, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ita. Ranar da ta ɗebi jinin ana shuka ne, yau ga masara ta yi goyo ta rufe hanya hagu da dama. Tun daga nesa ta ga ƙofar zauren babu takalma ko ƙafa ɗaya, alhali lokacin karatu ne.

Malam yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango, littafi a rufe a gefensa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ciki kuma ya ɗago. Hannunsa na dama yana dafe da ƙasan haƙarƙari, yadda ta sha ganinsa tun bara ta ɗauka salon zama ne. Da ya ɗago kai ta ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa har ƙarshe, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya. Sannan ya ce, "Uwata, me jinin ya ce?"

"Malam, wannan gwajin ba shi ke yanke hukunci ba. Sai an je Kano an yi hoto, an..." Ta ɗago ta dube shi. "Malam, na tambaye ka ko akwai ciwo, ka ce babu."

"Alhamdu lillahi na ce. Kuma a gaban jama'a kika tambaye ni." Ya gyara zama da ƙyar. "Tun kafin azumi nake jin abu kamar dutse a nan. Ta ina zan fara ɗaga miki riga in nuna miki cikina? Da na ga kin kafa tebur, na ce to ga hanya ta samu. In akwai abu za ki gani da kanki, ki zo."

Labule ya motsa, Inna Dije ta shigo riƙe da wata jaka mai zif, ta ajiye a gaban Lubabatu. Ƙura ta kwanta a samanta.

"Kayansa ne na asibiti," in ji Inna. "Tun ranar da kika ɗebi jinin ya sa na haɗa. Na ce mu tafi, ya ce a'a, ba za a riga ki ba, ke ce mai ilimin abin. Da muka ji shiru ya ce ai da kin ga wani abu da tuni kin zo."

Lubabatu ta kai hannu za ta ɗauki jakar, yatsunta suka bar sawu a cikin ƙurar.

"Yaushe kika gani?" Malam ya tambaya a hankali. "Jiya?"