Jan Farcen Rebecca

Istifanus mai gyaran rediyo na Sabon Gari ba ya sayen allon lantarki, da hannunsa yake yi. Zai samu falle mai fuskar tagulla, ya zana hanyoyin wuta da jan farce, ya tsoma a ruwan asid. Asid ya cinye tagullar kaf, sai inda jan ya rufe. Shekara ashirin yana satar jan farcen matarsa Rebecca don wannan aiki, ita kuma tana biyo shi har shago da faɗa.

Bara ta rasu. 'Ya'yan suna Kaduna, sai waya ran Lahadi, in sun tuna. Abin da ya rage masa 'yar kwalba ce guda, wadda ta buɗe da hannunta. Kasuwar Gusau cike take da jan farce, amma shi ba ja yake nema ba. In ya kwance murfin, warin nan mai hawa ka ya cika shagon, sai ya ji kamar tana tsaye a bayansa za ta fara mita. Don haka ya shiga tsimi. Kullum layukansa ƙara sirancewa suke yi, rediyo kuwa ba ruwanta, wutar da take ci ba ta da yawa.

Ana nan sai ga Malam Labbo, manomin rani daga Kucheri, yana son na'urar da za ta haɗa solarsa da famfon ban ruwa. Istifanus fa ya sani sarai, famfo ba rediyo ba ne. Wutar da yake ja tana son layi mai faɗin ɗan yatsa, a kuma bi shi da dalma. Ya ɗaga kwalbar a haske, ya ga saura ɗan guntu a gindi. Sai ya ja layin kamar tsinken tsintsiya, ya ce wa kansa zai ɗauka. Mutum mai shekara talatin a sana'a, wai zai ɗauka.

Kwana huɗu ya ɗauka, a na biyar ya tsinke. Kafin Labbo ya same shi a waya, tumatir ya riga ya kwana biyu ba ruwa. Istifanus ya zuba kayan aiki a jaka, har da asid da 'yar kwalbar, ya bi motar Tsafe, ya ƙarasa a mashin da hantsi. Ganyen duk ya langaɓe. Ya buɗe akwatin, ga layin nan ya yi baƙi, allon ya ƙone har ya banƙare, ba ma inda za a ɗaura waya.

Labbo ya leƙo ta kafaɗarsa. "Injiniya, ni ban san lantarki ba," ya ce. "Amma in na yi wa ruwa 'yar hanya kamar wagga, ɓallewa yakan yi."

Kunya ta rufe Istifanus. "Haka ne, Malam. Ko akwai jan farce a gidanka?"

"Babu. Matata Hanatu ƙunshin lalle kawai ta sani."

Kafin a je Tsafe a sayo a dawo, a zana, a jira asid, rana ta yi sanyi, famfon kuwa da rana yake aiki. Tumatirin nan ba zai kai gobe ba.

Ya zauna a gindin mangwaro, ya ɗora sabon falle a cinya, ya kwance murfin. Ya ja layin da faɗinsa, ya sake bi, yana karkata kwalbar yana kwalfato na gindi har burushin ya fito a bushe. Bayan asid ya gama cinsa, dole a kankare jan kafin dalma ta kama. Da soson ƙarfe ya goge shi tas, bai ɗaga kai ba.

Kafin la'asar famfo ya tashi. Istifanus ya ɗora yatsa a kan layin, ko ɗumi bai yi ba. Labbo ya bi ruwan da fartanya yana buɗe masa kwari, yana ta sa albarka. Da ya dawo tattara tarkace, sai ya tsinci kwalbar a ƙasa.

"A yar da wagga?"

"A'a, ba ni."

Washegari da safe ya buɗe shago, ya share, ya zauna shi kaɗai. Ya kwance murfin ya kai hanci. Ashe jiya a buɗe ya bar ta a rana, ta bushe ƙarau, ba ta warin komai.