Ciwon Cikin Mai Ɗinki

Kullum ciki ne ke fara yi wa mai ɗinkin sallama. Tana kan keke sai ta ji ya murɗa, ya kumbura kamar ta haɗiyi iska, ta yi ta zarya tsakanin shago da bayan gida. Kafin yamma kuma kai ya karɓa. Shekara da shekaru tana shan maganin kowanne daban, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa tafiyarsu ɗaya ba.

Ran nan tana haɗa hannun wata riga sai ta ga allurar ta zama biyu, wani haske na rawa a gefen idonta. Ta tsayar da keken, ta shige ɗakin baya, ta kwanta bisa tarin ƙyallaye. Fanka na juyawa a hankali. Furannin jikin yadudduka suka soma iyo a bango kamar kifaye, ita ma ta bi su, ba barci ba, ba ido biyu ba.

Hannu mai sanyi ta ji a goshinta. Goggonta ce, yayar mahaifinta, ta zo karɓar ɗinki.

"Cikin ne ya fara, ko?"

"Goggo, wa ya gaya miki?"

"Ai ba hanci kaɗai kika ɗauko wurin ubanki ba. Shi ma da damuwa ta taso sai ciki, ciki na lafawa sai ya ɗaure kai da tawul. Gobe da kaina zan raka ki asibiti."

Washegari a asibiti likita ta saurare ta, ta yi gwaje-gwaje, ta ce hanjin ba rauni, saurin fushi ne da shi. Jijiyoyi sun haɗa shi da ƙwaƙwalwa, shi ya sa da yawan masu wannan larura ke fama da ciwon kai. Ta rubuta magani, ta ce a ci abinci kan lokaci, a sami barci, a rage aiki.

"Ashe ciki da kai gulmata suke yi," in ji mai ɗinkin.

Goggo ta yi dariya har da riƙe kujera.

Ciwon bai bar ta gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙi sosai. Ta koyi ce wa masu kawo ɗinki "sai mako mai zuwa" ba tare da jin kunya ba. Ranar da ta fara hutu ta zauna a barandar gida, iska na kaɗa mayafinta, tana kallon gajimare na wucewa har shayinta ya huce.