Ganyen da Ya Sauke Kitsen Jini

A gida Uwar Ɓeraye ake ce mata, don shekararta shida tana kula da ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ita ke ɗura musu abinci mai maiƙo har su yi ɓul-ɓul, sannan ta riƙa ɗiga musu ruwan wani ganye da sirinji. Bayan mako takwas sai ta ɗebi jininsu a auna. Kitsen jinin ya sauka kuwa, kolestarol ya ragu sosai. Sai dai cikin ɓeraye arba'in, tara sun mutu, kuma da ta feɗe su ta tarar hantarsu ta kumbura ta yi fari-fari.

Ta ɗauki hotunan hantar ta kai wa Farfesa, shugaban binciken. Ya dube su ta saman tabarau ya ce, "Wannan sai a bincike na gaba." Ya tura su cikin durowa. Ba a yi sati biyu ba sai ga muryarsa a rediyo, wai an gano ganyen da ke narkar da kitsen jini.

Yayanta tela ne, ƙato, wanda sai da aka ƙara wa kujerar kekensa katako. Likita ya daɗe da ɗora shi a kan ƙwayoyin rage kitse. Ranar da ta leƙa shagonsa ta tarar da flas cike da koren ruwa kusa da almakashi, tun daga ƙofa ta gane warin ganyen.

"Yaya, don Allah ka bar shan abin nan. Ni na feɗe ɓerayen da hannuna."

"To ni ɓera ne?" Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Farfesa guda ya faɗa, ke mai kwashe kashin ɓera za ki ƙaryata shi?"

"Ƙwayoyinka fa?"

"Na ba su hutu."

Ta yi magiya, ta yi kuka, ta zubar da flas ɗin a kwata. Washegari ya dafa wani.

A wata na uku idanunsa suka koma rawaya, ƙafafu suka kumbura. A asibiti likita ya duba takardar gwaji ya ce kitsen jininsa ya sauka ƙwarai, amma hantar ta riga ta lalace. Kwanansa goma sha ɗaya a gado ya cika.

Wajen zaman makoki matar Yaya ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Ba ganyenku ba ne?" 

Da ta koma aiki ta shiga ofishin Farfesa ta faɗa masa komai a tsaye. Ya yi mata ta'aziyya cikin ladabi, ya ce su ai ba su ce kowa ya sha ba. Sannan ya sanar da ita sababbin ɓeraye sittin za su iso ran Litinin.

'Ya'yan Yaya huɗu yanzu a wuyanta suke. Ta ɗauki bokiti da burushi ta shiga wanke keji.