Ranar da Dakta Ta Kashe Firij

Shekaru Dakta, mai binciken kimiyya, ta yi tana fama da wata 'yar na'ura da ba ta kai farcen jariri ba. Aikinta kawai ta riƙa sakin ilektiron, wato ƙwayar wutar lantarki, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta aiki sai a cikin wani firij mai kama da tankin ruwa, inda sanyi ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Zafi kaɗan ya ishi ƙwayoyin su rikice, tsarin tafiyarsu ya watse. An ƙera irinta da yawa duk sun ƙi. Wannan ce ta yarda, ita ma ba wanda ya san dalili. Dokar ɗakin binciken kuwa sananniya ce: na'urar da ta yarda ba a fito da ita, don in ta ɗumama aka sake sanyaya ta, da wuya ta koma yadda take.

Dakta ba ta ko kai rabin awon da take buƙata ba likita ya ce idon mahaifinta na gab da daina gani. Tsohon tela ne, mutumin da bai taɓa yaba yadi ba sai ya ɗaga shi a haske. Ya ce a kai shi ya ga abin da ya hana 'yarsa zama a gida.

Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta nuna masa layuka masu hawa da sauka, ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ya saurara da ladabi.

"Uwata," in ji shi, "wannan ai talabijin ce. Ina abin?"

"Yana cikin firij, Baba."

"To, a buɗe mana."

"Ba a buɗewa."

Ya gyaɗa kai, ya laluba sandarsa, ya ce ba komai, Allah ya yi albarka. Wannan "ba komai" ɗin ce ta hana ta sukuni, don ta san shi sarai.

Washegari abokin aikinta Dogo ya tarar ta kashe firij. Ya tsaya da kofin shayi a hannu.

"Dakta, lafiya kuwa? Kin san na'urar ba za ta dawo yadda take ba."

"Na sani."

"To, shi ke nan," in ji Dogo, ya je ya zauna a kan matakala.

Da firij ɗin ya gama ɗumama ta sake kawo tsohon. Ta ɗaura masa waya a wuyan hannu don kada lantarkin jikinsa ya ƙone na'urar, ya ce ko a asibiti ba a yi masa haka ba. Sannan ta ɗora masa ɗan faifan tagulla da ke riƙe da ita a tafin hannu. Na'urar ita ce baƙin ɗigon da ke tsakiya.

Ya matsa kusa da taga, ya ɗaga faifan a haske, ya jujjuya shi. Ta ga idonsa ya wuce ɗigon bai tsaya ba. Babban yatsansa ya sauka a kan wata ƙaramar ƙusa da ke jikin faifan, wadda Dogo ya saya a shago, ya shafa kanta a hankali.

"Kai, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Ke kika yi wannan da hannunki?"

Zuciyarta ta karye, amma muryarta ba ta nuna ba.

"Ni na yi, Baba."