Lambar Kaka Jevrem

Dobrivoje ya ajiye ɗan akwatin a kan teburin Hamdija, Musulmi mai gyaran agogo, amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba.

"Saki mana, maƙwabci," in ji Hamdija. "Ko kuwa da hannun naka zan gyara?"

"Allurar bayan lambar ce ta karye. Ƙarfe biyu za a fito da Svetozar. Bas ɗin sha biyu zan bi."

Svetozar yayansa ne, shekaranjiya ya rasu. A gidansu babban ɗa kaɗai ke riƙe mabuɗin wannan akwati, shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki. Sauran dangi labari suke ji duk shekara ranar bikin waliyyin gida: wai Kaka Jevrem ya kori Turkawa daga gadar ƙauyen, Sarkin Rasha ya aiko masa da lambar yabo. Svetozar bai bar ɗa ba, mabuɗin ya dawo hannun Dobrivoje. Wasiyyarsa guda ce, a ɗora lambar a kan filo a wuce da ita gaban akwatin gawarsa, yadda ake yi wa sojoji. Da asubar yau Dobrivoje ya buɗe ɗan akwatin lambar a karo na farko, yana da shekara saba'in da ɗaya, ya rufe da sauri.

Hamdija ya maƙala gilashi a ido, ya ɗaga lambar. Tauraruwa ce ta azurfa mai tsinke bakwai, tana rataye a jikin jan jinjirin wata. A tsakiyarta akwai wani rubutu mai lanƙwasa kamar gashin da aka tsefe da ruwa.

Ya daɗe yana dubawa, kafaɗunsa suka fara rawa.

"In ka yi dariya, Baturke, sai na fasa duk agogon da ke shagon nan."

"Ni ne Baturken? Ga hatimin Sarkin Istanbul nan ɓaro-ɓaro. Ni kakana ko maɓalli bai samu ba daga wurinsu."

"Ƙila a wurin yaƙi ya ƙwace."

"Da akwatinta da kintinkirinta? Dobri, a wancan zamani manyanku da yawa sun sa irin wannan a ƙirji, har hoto aka zana su da ita."

Dobrivoje ya waiwaya ƙofa. Wata mata ta wuce da buhun barkono. Ya tuna mutanen ƙauye da suka goge hulunansu tun jiya, da tutar da za su ɗauko daga coci, da Ljubinko surukinsa wanda ya rubuta jawabi shafi uku a kan gada da jini. Ya tuna ya taɓa fasa wa mutum baki a shagon shan barasa saboda sunan Jevrem.

"Yanke watan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Wanne daga ciki?" Hamdija ya nuna da bakin hantsaki. Tsakanin kowane tsinke da ɗan'uwansa akwai ɗan ƙaramin jinjirin wata. "Bakwai ƙanana, ga babba. Sai la'asar zan gama, kuma abin da zai rage ko a wuyan akuya ba za ka rataya ba. Allura zan gyara. Sauran tsakaninka da mamacin."

A cikin bas ya rungume akwatin kamar mai ciwon ciki. Bishiyoyin hanya suna ta wucewa, shi kuwa Svetozar yake gani, shekara arba'in a jere yana tsayawa da kofi a hannu yana ba da labarin gada. Me ya sa ya ce a fito da lambar? Mugunta ce, ko gajiya?

Ya tarar da tsakar gida cike. Ya shige ɗakin girki, ya kife lambar a kan filo, fuskarta ƙasa, ya soke allurar. Ya tsinko ganyen ɗoɗɗoya a tukunyar taga ya lulluɓe babban watan.

Da ya fito, limamin coci ya riga ya kunna turare. Ljubinko ya miƙo wuya.

"Bari mu gan ta mana, suruki! Tun ina saurayi nake jira."

Kafin Dobrivoje ya buɗe baki, sandar Gwaggo Stanojka ta dungure masa gwiwa. Ƙanwar mahaifinsu ce, ta haura casa'in, tana zaune bakin ƙofa cikin baƙin ɗankwali.

"Kawo nan, ɗan nema. Wa ya koya maka kife mutum?"

Ta share ganyen da yatsa, ta zare allurar, ta juya lambar. Jan watan ya kama rana.

"Gwaggo," in ji Ljubinko, "wannan ai..."

"Ta Turkawa ce. Sau uku Jevrem ya je ya durƙusa gaban pasha, gwamnan Turkawa, da rago da zuma, shi ya sa ba a ƙona ƙauyen nan ba. Kowace mace a nan ta ji daga bakin kakarta. Ku maza ne ke da gada."

Matan da ke jikin bango ba wadda ta ɗago kai. Ɗaya ma gyara kyandir ɗinta kawai ta yi.

Ljubinko ya naɗe takardunsa a hankali, ya tura aljihu. Limamin ya dubi Dobrivoje, yana jira.

Dobrivoje ya tallabi filon da hannu biyu, ya ɗaga shi daidai ƙirji, ya wuce gaban akwatin gawar yayansa.