Kaset Ɗin Ragowar Ƙarfe

Ina cikin walda ƙofar wani mutum 'yar ƙanena ta shigo shago. Sai da ta tare min haske sannan na ɗaga gilashin fuskata na gan ta. Aikin jinya take yi a asibiti, ba ta cika samun hutu ba, saboda haka na san ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba. Na kashe inji, na share mata benci da hannun rigata.

Ta ce kafin uwarta ta rasu bara ta gaya mata akwai kaset na waƙoƙin babanta, kuma in akwai wanda ya san inda yake, to ni ne.

"Baffa, hoto ina da shi, har na gaji da kallonsa. Kowa sai ya ce min babana yana da murya. Ina so in ji da kunnena."

Tana goye ya rasu, ciwon maƙogwaro ne ya tafi da shi. Ban yi mata alkawari ba, don ba na alkawarin abin da ba ya hannuna. Na dai ce ta dawo ranar hutunta.

Auta muke ce wa uban nata, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Su uku ne a ƙungiyarsu ta kiɗa: shi da jita da waƙa, Dogo makanike a kan ganguna, sai wani tela mai kaɗa babbar jitar nan mai kaurin sauti. Kiɗan rok na Turawa suke yi, irin wanda kake ji a haƙoranka. A bayan shagona suke gwaji duk ranar da ba aiki, kusa da tarin guntayen rodi da bututu, daga nan suka samo sunansu, Ragowar Ƙarfe. Ba kamfani, ba manaja, ba mai ɗaukar musu kaya. Ni na haɗa wa Dogo ƙafafun gangunansa da ƙarfen tsohon keke. Makirufonsu kuwa lantarki yake ja a leɓe, sai Auta ya sa masa safa, kuma ba kullum wankakkiya ba.

Da farko na ce musu hayaniya ce kawai. Auta ya ce lallai yau duniya ta zo ƙarshe, mai yanka ƙarfe yana ƙarar makaɗi kan hayaniya. Na ce tawa hayaniyar tana ciyar da gida, tasa fa? Ya yi dariya ya ci gaba da ɗaure tsirkiyarsa.

Ni ba mai yabon mutum ba ne, balle ƙanena. Amma yaran nan sun iya. Akwai wata waƙarsu a kan mutumin da ya tashi daga aiki yana tsaye a bakin titi, bas na wucewa ɗaya bayan ɗaya duk a cike, har ya daina ɗaga hannu. In suka fara ta, sai in ga na ajiye abin da ke hannuna ban sani ba. Muryar Auta ba irin mai zaƙin nan ba ce. Tana da 'yar tsatsa, in ya ja ta sama kamar za ta tsinke, sai ta ƙi. Dogo kullum sauri yake kamar an biyo shi, Tela kuma yana tsaye ƙiƙam da tef ɗin awo a wuya, kai ka ce wando yake auna wa wani, amma shi ke riƙe su duka.

Gari bai san da zamansu ba. Sun je gidan rediyo, mutumin ya ce ba irin abin da jama'a ke so ba ne. Sun kama zaure sau ɗaya, kujeru suka fi mutane yawa, kuma rabin mutanen masu gyaran mota ne da Dogo ya tilasta wa zuwa. A wani biki gwaggon amarya ta tashi da kanta ta zare wayar lantarki. Dogo bai ma lura ba, ya ci gaba da dukan ganga shi kaɗai har ƙarshen waƙar. Mun yi shekara muna tsokanarsa da wannan.

Suna da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin kowa ba. Kaset ɗaya gare su tak. Duk ranar gwaji sai a ɗauki sabon kiɗa a kan na baya, a goge shi. Ba rashin kuɗin kaset ba ne. Auta ne ya ce in ka ajiye na jiya za ka zauna kana sauraron kanka kana jin daɗi, daga nan ka mutu a tsaye. Sau da yawa Tela ya roƙe shi a bar wani da ya fito da kyau, amsar kullum ɗaya ce: na gaba zai fi. Abin haushi, yawanci yana fin.

Tela ya bar gari tuntuni, ba mai labarinsa. Sai na nufi garejin Dogo. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, ya yi tumbi, haƙoran gaba sun tafi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya goge hannu da tsumma. Ya ce kaset yana nan, amma tun rasuwar bai taɓa sa shi ba, kuma da zan bi shawararsa da an bar yarinya da hotonta. Na ce ba shawara na zo nema ba. Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin da yake tara notunan mota, kaset ɗin na ƙasa a ƙulle cikin leda.

Ranar hutunta mu uku muka je wurin mai gyaran rediyo, don shi kaɗai ya rage da na'urar da ke cin kaset. Shagon ƙunci gare shi, tsofaffin talabijin har rufi, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ta sa kayanta masu kyau kamar mai zuwa gaida surukai. Mai gyara ya goge kan na'urar da auduga, ya juya kaset da biro ya ga zaren bai manne ba, ya sa, ya danna. Ita kuma ta kunna ɗaukar sauti a wayarta ta kara kusa da lasifika.

Aka ji shuuu, sai sandunan Dogo suna ƙirga shiga. Sai jita.

Na dafa wata talabijin. Waƙar bas ɗin ce. Shagona ne ma gaba ɗaya, har ƙarar kwanon rufin da ke amsawa in Tela ya taɓa tsirkiyar ƙasa. Na ce mata ta shirya, yanzu zai shigo.

Wurin shigowar ya zo, ya wuce. Kiɗa ya sassauta kamar yadda suke yi don ba murya hanya, amma ba murya. Suka zagayo, suka sake sassautawa, ba kowa. Waƙa ta biyu ma haka.

Na juya na kalli Dogo. Kansa na ƙasa. Ya ce a makon da aka ɗauki wannan kiɗan ni na tafi kafa ƙofofi a wani gari, shi ya sa ban sani ba. Ranar gwajin ƙarshe maƙogwaron Auta ya riga ya rufe, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Kiɗan gwajin da ya gabace shi yana kan kaset, da murya da komai, kuma a ganin Dogo ba su taɓa yin kamarsa ba. Tela ya cire kaset ya sa a aljihu, ya ce yau kam ba za a goge ba. Auta ya miƙa hannu, ya ƙi saukewa, har sai da aka ba shi. Da raɗa ya ce musu in ya warke za su goge wannan ma. Shi ya danna maɓallin ɗauka da yatsansa.

"Na yi ta fatan ko ba mu cika ɗaya gefen ba," in ji Dogo. "Shi ya sa na kasa sa shi."

Mai gyara ya juya kaset. Sun cika shi, nan ma ba murya. Muka tsaya muka ji har ƙarshe, ba wanda ya zauna, don ba wurin zama. Ana gab da ƙarewa, bayan an tsayar da kiɗa, sai wani ya yi tari kusa da na'urar.

Ta ɗago da sauri. Ta ce a mayar baya. Aka mayar, ta sake ji, ta ce a ƙara.

"Baffa, shi ne?"

Dogo ya taka min ƙafa. Na gane abin da yake so in ce. Amma tarin nan na san shi, na mai shan taba ne, kuma Auta bai taɓa sa taba a baki ba. Ita kuma ma'aikaciyar jinya ce, yau ko gobe za ta gane da kanta.

"Na Dogo ne," na ce.

Ta gyaɗa kai.

"Jitar fa?"

"Jitar tasa ce. Duk abin da kika ji na jita, hannunsa ne."

Ta tambaya ko muryarsa ta yi kama da tawa, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na ce ko kusa. Ta ce to in rera mata yadda waƙar bas ɗin take, ko da muryar tawa ce. Aka mayar da kaset farko. Da wurin ya zo na buɗe baki, na kama layin farko, na biyun ya ɓace min. Dogo ya karɓa, shi ma ya tsaya a tsakiya, ya ce shi ganga yake bi, bai taɓa sauraron kalmomin sosai ba.

Ta ce mu bari, ya isa. Ta roƙi Dogo ya bar mata kaset ɗin, ya ce ai nata ne. Ta mayar da shi cikin ledar, ta ƙulle, ta sa a jaka. Na ce in raka ta bakin titi, ta ce a'a, in koma in gama ƙofar mutane.