Kada Ta Ɗaga Kai

Da likita ya fito daga ɗakin tiyata, ni kaɗai ya tarar a kan benci. Haka abin yake, duk wanda ya nemi 'ya'yan Inna ranar wahala ni yake samu. Ya cire hula, ya zauna kusa da ni, ya ce aiki ya yi kyau, sun rage ƙashin bayan da ke matse wa Inna jijiyoyi, zugin ƙafafun nan zai bar ta. Amma bai tashi ba.

Na ce, "Likita, faɗi kawai. Tun da ka zauna na san akwai saura."

Ya yi mini bayani a hankali. Lakar da ke cikin ƙashin baya tana cikin wata 'yar riga ce marar kauri, kamar tantanin cikin ɓawon ƙwai, cike da ruwa, kuma ruwan nan shi ne dai wanda ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Ta Inna ta manne da ƙashi saboda tsufa, wajen ɓamɓarewa ta ɗan yage. Sun ɗinke ta da zaren da bai kai silin gashi ba, suka yanko ɗan kitse daga jikinta suka ɗora a kai, suka bi da gam irin nasu. Ni tela ce, ban sha wahalar ganewa ba. Yadi mai laushi in ya yage aka ɗinke, ba a jan sa.

"Za ta kwanta a miƙe, ba matashi," in ji shi. "Kada ta ɗaga kai sai na ce. In ta tashi zaune, nauyin ruwan zai sauko kan ɗinkin. Idan ya saki, ruwa zai riƙa tsiyaya, kanta ya yi ciwon da ba ta taɓa ji ba, mu sake komawa ciki da ita. Da shekarunta, ba na son haka."

Na rufe shago, na bar ɗinkin mutane a kan keke, na tare a asibiti. Ni ce mai ba ta ruwa da cokali, ni ce mai tura fo a ƙarƙashinta, ni da nas muke juya ta gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare, don kada bayan ya murɗe. Tukuicin da nake samu bai wuce "Hannunki da sanyi" da "Kin cika cokalin" ba. Sai kuma tambayar da ba ta gajiya da ita: "Auta bai kira ba?"

Auta ƙanena ne, mu biyu Inna ta haifa. Gemunsa ya fara furfura, amma a wurin Inna har yau ba a yaye shi ba. Yana wani gari mai nisa, yana aikin ofis da ban taɓa gane kansa ba. Kira ɗaya zai yi ya ce "Inna, ya jiki?", ta kwana ta wuni tana ba maƙwabta labari. Ni kuwa da nake gefenta kullum, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Kishinsa nake yi, ba zan ɓoye ba. Tun muna yara nake yi, na girma, kishin ya girma tare da ni.

A kan ƙirjinta take ajiye wayarta, ta dafe da hannu. Tsohuwar da ke gadon kusa da mu, wadda ƙugunta ya karye amma bakinta lafiya lau, ta ce mini, "'Yar nan, wai Autan nan naku minista ne?"

Na ce, "Ya fi minista, Baba. Shi minista ai ana iya sauke shi."

Da ya tashi kira, ni ya kira. Na fita baranda na ɗauka.

"Yaya, ina hanya, kafin yamma na iso."

"Kada ka zo," na ce. "Likita ya hana."

Ina da gaskiyata. Na san Inna, ba za ta iya ganin Auta tana kwance ba. Sai ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta hau tambayarsa ko ya ci abinci. Amma gaskiyar tawa da son rai a cikinta. Kwanakin nan nawa ne. Tunda nake, ban taɓa samun Inna ba ta da fuskar da za ta kalla sai tawa ba, ko da harara ce take yi mini, kuma ban shirya raba wannan da kowa ba.

Bai ji ba, dama yaushe ya taɓa ji? Ina fitowa da kwanon wanke hannu na gan shi a ƙofar ɗakin, riƙe da ledar lemo, yana ta ƙamshi. Na ajiye kwanon na tare hanya.

"Ban ce kada ka zo ba?"

"Yaya kenan. Na haɗu da likitan a matakala. Ya ce kai ya hana a ɗaga, bai ce a rufe ƙofa ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Inna da take cewa ba ta jin maganata in na ce lokacin magani ya yi, ta jiyo wannan dariyar tun daga ƙarshen ɗaki.

"Auta ne?"

Na waiwaya. Ta riga ta kafa gwiwar hannu a katifa, ƙeyarta ta fara barin gado. Ban san yadda na tsallake ɗakin ba. Na dai tsinci kaina da tafin hannu a goshinta ina mayar da kan, ɗaya hannun a kafaɗarta. Ashe Innar nan da ba ta iya riƙe cokali tana da ƙarfi haka.

"Sake ni!"

"Wallahi ba zan sake ki ba. Kanki na ciwo? Inna, ki faɗa mini, yana ciwo?"

"Ke ce ciwon kaina."

Auta ya daskare a tsakiyar ɗaki, dariyar ta gudu. Can sai ya ajiye ledar, ya durƙusa a ƙasan asibiti da wandonsa mai guga, ya ja gwiwa har bakin gado, ya ɗora haɓa a kan katifa daidai fuskarta.

"Ga ni, Inna. Ba sai kin tashi ba, yau ni na sauko."

Fuskarta ta washe. Tun da aka kwantar da ita nake goge fuskar nan safe da yamma, ban taɓa ganin ta haka ba. Ta miƙa yatsu ta shafa gemunsa.

"Ka rame. Ka ci abinci kuwa? Da na tashi na tarbe ka, yayarka ce ta danne ni."

Ni tun safe ko ruwa ban sha ba, ba wanda ya tambaya. Nas ta zo da sauri, ta zura hannu ƙarƙashin bayan ta duba bandeji, ta ce a bushe yake, Allah ya sa akwai mai saurin hannu a kusa. Ni da tsohuwar gadon kusa kaɗai muka ji ta. Su biyun suna can cikin hirarsu, yana ba ta labarin hanya, tana dariya ƙasa ƙasa. Duk sanda ya yi magana, ina jin kanta yana turo tafin hannuna, yana neman tasowa wurinsa.

"Ke," in ji Inna, ba tare da ta dube ni ba, "ɗan gusar da hannun nan naki, kina kare mini shi."

Na gusar da shi sama, zuwa kan gashinta. Amma ban ɗauke ba.